Karen da Na Sa wa Suna Ci-duka

Ɗana na biyu, wanda ke aiki a sakatariya a Gaya, ya zo gaishe ni ran nan da wani kwikwiyo a cikin kwali, ɗaure a bayan babur. Ya ce ya samo shi ne don gadin gidan gonarsa, saboda an fara yi masa ɓarnar kaji. Na duba karen, na ga ƙirjinsa da faɗi, ƙafafunsa a miƙe, ba laifi. Na ce wane suna ka sa masa? Ya ce Bingo. Na ce Bingo me ke nan? Ya yi dariya ya ce, "Baba, ba ya nufin komai, suna ne kawai. Haka ake yayi yanzu." Ya fiddo waya ya karanto mini wasu sunayen wai duk na karnuka ne, babu ko ɗaya da ya shiga kunnena ya zauna. Ban hana shi ba, karensa ne. Amma bayan ya tafi na daɗe a zaure ina jujjuya maganar, domin a inda na tashi, can ƙauyenmu ta wajen Gafasa, ba a sa wa kare sunan da ba ya nufin komai.

Lokacin da nake tasowa, kusan duk gidan da ke bakin gari yana da kare, gidan maharba kuwa har huɗu ko biyar. Ba sa shiga ɗaki, ba sa kusantar randa ko inda ake salla. Wurinsu gindin rumbu ne ko bayan danga, da kaskonsu daban da ake zuba musu ƙanzo da ruwan dusa. Limaminmu ya sha faɗa cewa karen gona da na kiwo da na farauta babu laifi a ajiye shi, abin da ba a so shi ne a mai da shi ɗan ɗaki. Da damina, in gari ya waye, abin da za ka fara ji shi ne dakan mata daga gida zuwa gida, sai kukan jakuna, sai ƙarar fartanya ana buga ta a dutse don ƙota ta zauna. Bayan wannan sai muryoyin magidanta a kan hanyar gona, kowa na kiran karensa. Wanda ya san garin, in ya tsaya a bakin hanya ya saurari sunayen nan kawai, zai gane wa ke zaune lafiya da maƙwabtansa, wa kuma ke da abin da ke cin ransa. Yanzu in ka tsaya a wannan hanyar, babura da keke mai ƙafa uku za su hana ka jin ko sallamar mai wucewa.

Sa suna yana da ƙa'ida, ko da yake ba wanda ya rubuta ta. Ba a ba kare sunan mutum. Ba a ba shi sunan rana, don Ɗanladi da Ɗanjuma da Talatu mutane ne, suna nan cikin gari, za su ji. Ba a kuma haɗa shi da sunan Allah ko wani abu na addini, ko da wasa. In ka kiyaye waɗannan, sauran fili naka ne. Mafi sauƙi shi ne suna na kama. Baƙi wuluk Duna ne. Mai ruwan toka Toka. Mai ɗigo-ɗigo a jiki Roɗi, daga roɗi-roɗi. Wanda aka datse wa wutsiya Guntu. Fulanin da ke sauka kusa da rafinmu su ma haka suke yi da nasu harshen, baƙin karensu Ɓaleru, jan kuma Woɗeru, har wasu daga cikinmu suka ara don daɗin faɗi. Akwai kuma suna na lokaci ko na dalili. Kwikwiyon da aka haifa ruwa na zuba kwana da kwanaki sai a ce Marka. Wanda aka tsinto a hanya ba a san mai shi ba Tsintuwa. Akwai wani da uwarsa ta mutu ya tashi da nonon akuya, aka sa masa Ɗan-akuya, har ya tsufa kuwa bai taɓa koran akuya ba.

Maharba su ne gwanaye. Babbansu a garinmu wani dattijo ne, Baba Nomau, siriri mai ƙarancin magana, wanda in rani ya yi aka buga gangar farauta shi ke gaba. Shi ba ya sa wa kwikwiyo suna ranar da ya buɗe ido. Yakan ce a bar shi ya yi kwanaki yana yawo a gabanka, da kansa zai nuna maka abin da za ka kira shi. Yana da wata karya Sanɗa, don ba ta haushi, sai dai ka ga zomo a bakinta. Yana da Fizge, wanda ba ya tsayawa kokawa da nama, a guje yake ɗauka. Yana da Shaƙe, wanda ba ya kama ko'ina sai maƙogwaro. Akwai wani rago da ya sa wa Sai-an-gama, saboda ba ya isowa sai an riga an kashe naman, ya zo yana haki kamar shi ya yi aikin. Har yau in na ga mutumin da ke bayyana ranar rabo, wannan karen nake tunawa.

Sai kuma kashi na ƙarshe, wanda ya fi kowanne armashi, ya kuma fi kowanne haɗari, wato sunan habaici. A lokacinmu ba a fuskantar babba a gaya masa magana, ba a kuma tsayawa cacar baki da maƙwabci sai abu ya kai maƙura. To maganar da ta tsaya wa mutum a wuya, sai ya ɗora wa karensa. Wata tsohuwa mai daddawa da ake yi da ita wai tana rage awo, ta sa wa karenta Mun-ji. Duk yamma za ta fito ƙofar gida ta kira shi da ƙarfi, masu gulmar su sunkuyar da kai. Wani magidanci da aka dame shi da maganar rashin haihuwa ya sa wa nasa Sai-sun-gaji. Akwai Ƙyale-su, akwai Ba-ruwana, akwai Wa-ya-aike-ka, na wani da surukinsa ke yawan sa masa baki a harkar gida. Daɗin abin shi ne ba mai kama ka. In an tambaye ka, ka ce da karenka kake. Yaran yanzu suna yin irin wannan a waya, su rubuta magana ba suna, wanda aka yi dominsa ya gani ya gane. Bambancin shi ne nasu gobe an goge. Namu kuwa yana da ƙafa huɗu, yana bin mutum kasuwa.

Ni ma na yi, kuma nawa ne ya fi na kowa muni a iya sanina.

Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu, Yaya Sale da ni, ni ne auta. Yaya Sale ya girme ni da nisa, don shi ya koya mini riƙe garma. Mutum ne mai nauyin baki, in ya ce maka "to" ya gama magana. Shekarar da na yi aure mahaifinmu ya rasu. Bayan an gama kaka, dattawa suka zauna a zaurenmu don rabon gado, da liman da mai unguwa da wasu 'yan uwa. Gonakin da muke nomawa biyu ne: babbar gona ta tudu inda ake gero da dawa da gyaɗa, da wata 'yar fadama a bakin rafi inda ake rake da albasa. Fadamar ba ta da girma, amma kowa ya san ita ce mai maiƙo. Aka auna tudu da igiya, aka fitar wa Inna nata, aka fitar wa 'yan uwanmu mata nasu, aka raba mana saura. Da aka zo kan fadama sai mai unguwa ya ce, "Ita kuma fadama tana nan a hannun Sale, domin…"

Ban tsaya jin domin me ba. Na miƙe, na kakkaɓe rigata, na fice. Na ji liman yana kirana, ban waiwaya ba. Daga ranar duk wanda ya ɗauko mini maganar sai in tare shi in ce na haƙura, a bar ta. Mutane suka ɗauka haƙurin gaske ne, suka bari. Alhali wuta ce nake rufewa da toka.

A da, da rani ba na zama gari, cin rani nake tafiya, don haka ban taɓa lura da inda amfanin fadamar ke zuwa ba. Da na yi aure na zauna, sai ga shi ina gani da idona. Rabona na tudu yana sama da fadamar, gamba ce kawai ta raba mu. Aka cire albasa, na ga Yaya Sale ya ɗora wa jakuna biyu kaya ya kora su ya fita gari. Aka sare rake, haka. Na ce a raina kasuwar Gaya ce wannan, shi kaɗai yake ci, ni ina nan ina fama da rairayi.

A cikin wannan hali karyar Baba Nomau, Sanɗa, ta haihu. Na je na roƙi ɗaya, ya zaɓo mini wani ja mai farin ƙirji, ya miƙo mini ya ce in bar shi ya kwana biyu kafin in sa masa suna.

Na ce, "Ai na riga na sa masa, Baba."

Ya ce, "Tun kafin ka gan shi? Me ka sa?"

Na ce, "Ci-duka."

Ya ce, "Da wa kake?"

Na ce, "Da kare nake mana. Ba ka ga cikinsa ba?"

Ya ce, "Na ga cikinsa, na kuma ga naka. Ɗauki ka tafi. Amma irin karnukan nan nawa suna daɗewa, sai ka ga mutum ya huce karen yana nan da ransa."

Ban ɗauki maganar da muhimmanci ba. Damina ta sauka, karen ya tasa, na fara zuwa da shi gona. Kullum da safe in na hango Yaya Sale a sunkuye cikin fadama, sai in matsa bakin gambar nan in ɗaga murya, "Ci-duka! Zo nan, Ci-duka. Ba ka ƙoshi ba har yanzu?" Ko karen yana kusa da ƙafata sai na kira shi. Yaya Sale bai taɓa ɗago kai ba. In mun haɗu a hanya in gaishe shi ya amsa, ya tambayi iyali, ya wuce. Wannan shirun nasa ya ƙara tunzura ni, na ɗauka rashin abin faɗa ne.

Karen kuma, don ƙaddara, ya fito kare na gaske. Ba biri ba akuya da ke shiga gonata. In na tafi salla na bar ƙunshin abincina a gindin itace, zai kwanta kusa da shi ba zai taɓa ba sai na ba shi. In rana ta yi zafi sai ya tsallaka gamba ya gangara fadama ya kwanta cikin sanyin rake, na kuma sha hango Yaya Sale yana jefa masa ragowar ɗumame. Shi karen bai san an yi rabon gado ba.

Da farko mutane dariya suke yi. Samari su ce wannan auta da iya shege yake. Ni kuma ina jin kaina, na zama mai wayo a gari. Abin da ban lissafa ba shi ne suna ba ya tsayawa inda ka ajiye shi. Kafin shekara ta zagayo, an fara cewa Sale Ci-duka a bayan idonsa, wai don a bambanta shi da wani Salen mai gyaran keke. Daga bayan ido ya koma gaban ido. Wani da ya dawo daga kasuwar Gaya ya ba da labari yana dariya, wai har can wani mai awo ya ƙwala masa kira da sunan a cikin jama'a. 'Yarsa Hadiza ta dawo daga rijiya da tulu babu ruwa, tana kuka, wai 'yan mata sun sa ta a waƙa. Matata ta gaya mini wannan, ta ce, "Malam, abin nan fa ya isa haka." Na ce mata ni kare na sa wa suna, ban aiki kowa ba.

Sai aka zo kan rumbun masallaci. Akwai wani rumbu da ake tara hatsin zakka a ciki, a riƙa fitar wa mabuƙata in bazara ta yi tsanani. Mahaifinmu ne ke kula da shi, da ya rasu aka bar wa Yaya Sale. Wannan shekarar da aka zauna bayan kaka, wani dattijo mai suna Malam Audu ya ce shi fa yana da magana. Ya ce ba ya zargin kowa, amma mutumin da ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya yake shelar cewa ya cinye masa gado, yaya za a bar abincin marayu a hannunsa? Yaya Sale ya ce, "Gaskiya ne. A nemi wani." Ya tashi ya tafi gida. Ba zan ɓoye ba, da labarin ya zo mini daɗi na ji. Na ce yau gari ya gane.

Kwana biyu bayan haka Inna ta aiko a kira ni bayan azahar. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, ba ta amsa ba sai da ta gama da wadda ke hannunta.

Ta ce, "Auta, ka san Mairo ta Toranke?"

Na ce na san ta mana. 'Yar Baffa Isa ce, ƙanin mahaifinmu da ya rasu tun ban yi wayo ba. Uwarta ta tafi da ita Toranke, can ta yi aure, can mijin ya mutu ya bar ta da 'ya'ya.

Inna ta ce, "To fadamar da kake kira wa kare a kanta, ta ubanta ce. Shi ya sare ta da hannunsa. Ba ta cikin gadon ubanku, amana ce aka bar masa. Duk shekara shi yake nomawa ya aika mata. Da ciwo ya kwantar da ubanku ya kira yayanka ya ɗora masa. Jakunan da kake tsayawa kana kallo, Toranke suke zuwa. Abin da mai unguwa zai faɗa ke nan ranar da ka kakkaɓe mana riga."

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "To me ya hana Yaya ya gaya mini?"

Ta ce, "Na ce masa ya gaya maka. Ya ce in har sai ya zauna ya rantse wa yaron da ya goya cewa shi ba ɓarawo ba ne, gara a ci gaba da kiran karen. Ya kuma hana ni, ya hana mai unguwa, ya ce a bar ka ka tambaya da bakinka. Ni ma na yi laifi da na biye masa. Taurin kai dai a wuri ɗaya kuka sha shi. Tashi ka ba ni wuri."

Abin kunya a kan abin kunya, ban yarda nan take ba. Washegari na kama hanyar Toranke da ƙafa, wai in gani da idona. Mairo ta yi murna da zuwana, ta shimfiɗa mini tabarma, ta dama fura. Ban tambaye ta komai ba, ita ta fara. Ta ce in gaishe mata da Yaya Sale, ta ce ba don shi ba da ba ta san yadda za ta yi da yaran nan ba. Ta ce ko albasa ɗaya ba ya ragewa, har ta roƙe shi ya riƙa cire na wahalarsa ya ƙi. Ta tambaye ni ko ina taya shi aikin. Na ce mata wani lokaci.

Na dawo gida da niyyar kashe sunan a ɓoye, ba tare da na buɗe baki ba. Na fara kiran karen Ja. Ya kalle ni ya kau da kai. Na gwada da nama a hannu, ya ci naman, amma in ba tsohon sunan na faɗa ba ba ya motsawa. Na ɗaure shi da igiya na kai wa Fulanin bakin rafi da za su tashi, na ce kyauta na ba su. Suka sa masa Woɗeru suka yi gabas da shi. Rana ta uku na fito da safe na same shi a gindin rumbu, ƙafafu duk ƙaya, guntuwar igiya a wuya, yana kaɗa mini wutsiya. Yaran unguwa suka taru suna ta kiran sunan, wai Ci-duka ya dawo.

Na je wurin Baba Nomau na zauna, na gaya masa komai. Na ce ko in kai shi daji in bar shi can ne, ko yaya. Yana gyaran wata gora, bai daina ba.

Ya ce, "Karen me ya yi maka? Ko ka kashe shi yau, sunan ba a wuyansa yake ba, yana bakin mutane. A gaban jama'a ka ajiye shi. Can za ka je ka ɗauko."

Na san abin da yake nufi, na kuma yi kwana huɗu ina jinkiri. A wancan zamani saurayi ya tsaya gaban dattawa ya ce na yi ƙarya ba ƙaramin abu ba ne, don shi ma suna ne da zai bi ka. Rana ta biyar bayan la'asar, mutane na zaune a gindin cediyar ƙofar masallaci kamar kullum, Yaya Sale yana gefe yana tufka igiya. Na zo na yi sallama, na tuɓe takalmi, na durƙusa a tsakiya. Karen ya biyo ni ya kwanta can nesa inda ya saba tsayawa.

Na ce, "Ina da magana, a yi mini haƙuri a saurare ni. Sunan da na sa wa karen can, ba da kare nake ba. Da Yaya nake, kowa ma ya sani. Na ce ya cinye mini gado. Ƙarya na yi masa. Fadamar ba tamu ba ce, ta Mairo 'yar Baffa Isa ce, amana yake riƙewa, ko tsinke ba ya ci a ciki. Na je Toranke na ji daga bakinta. Duk wanda ya kira shi da sunan nan, daga bakina ya ɗauka, alhakin yana kaina. Yaya, ka yafe mini."

Mai unguwa ya gyaɗa kai ya ce haka ne, shi shaida ne, an hana shi faɗa ne. Malam Audu ya sunkuyar da kai yana wasa da carbinsa. Yaya Sale ya ci gaba da tufkarsa har ya kai ƙarshen zaren, ya ƙulla, sannan ya ɗago.

Ya ce, "Ka gama?"

Na ce na gama.

Ya ce, "To tashi, kana ɓata wandonka. Karen fa, me za ka yi da shi?"

Na ce zan nemi masu tafiya nesa in ba su, inda ba zai iya dawowa ba.

Ya ce, "A'a. Birai sun dame ni a rake. Ka bar mini shi."

Na ce, "To sai dai a sake masa suna, Yaya."

Ya ce, "Da wanne zai amsa? Bar masa abinsa, shi bai yi wa kowa ƙarya ba. Shekaranjiya na ba shi ɗumame, har ganyen da aka ƙunso shi ya haɗiye."

Liman ne ya fara dariya, sai kowa ya ɗauka. An daɗe ana dariya a kan sunan nan, amma ranar ce ta farko da aka yi ta tare da shi. A zaman nan Malam Audu ya nemi afuwa, aka ce rumbun masallaci ya koma inda yake. Yaya Sale ya ce "to."

Ba zan ce komai ya goge ba. A gari sunan ya sauka daga kansa a hankali, ya koma kan mai shi. Amma a kasuwar Gaya akwai waɗanda ba su ji ƙarshen labarin ba, suka ci gaba da kiransa da shi har ya tsufa, yana kuma amsawa ba tare da ya ɓata fuska ba. Duk lokacin da na ji, ni ne nake neman inda zan sa kaina. Hadiza kuwa sai da ta yi aure ta haihu kafin ta saki jiki da ni. Ban ga laifinta ba. Na yi karnuka da yawa bayan wannan, na yi Toka, na yi Marka, na yi wani Tsinke don sirantarsa, kowanne sai da na bari ya nuna mini kansa. Ban sake ɗora wa dabba maganar da ya kamata in faɗa da bakina ba.

Washegarin ranar da na durƙusa, na fita gona da sassafe, karen na biye da ni don bai san an yi kyauta da shi ba. Na isa rabona na fara sassabe, ban kalli fadama ba, don ban san da wane ido zan kalle ta ba. Can sai na ji murya daga ƙasa, daga cikin rake, muryar da ban taɓa jin an ɗaga ta ba tun ina yaro.

"Ci-duka! Zo nan."

Karen ya ɗaga kunne, ya dube ni, ya dubi fadama. Na ce masa je ka mana. Ya tsallake gamba a guje. Na tsaya riƙe da fartanya ina sauraron motsinsa cikin ganyen rake. Sai muryar ta sake tasowa, wannan karon ƙasa-ƙasa.

"Kai ma in ka gama tsayuwar, akwai kunya biyu nan da ba a huɗe ba."

Na saɓa fartanyata na gangara.